Ɗorin haƙarƙari ba tare da tsaga ƙirji ba

Likitoci a ƙasashe da dama sun ɓullo da wata hanya ta ɗora karyayyen haƙarƙari da siririn ƙarfe, ta wasu ƙananan kafofi da ake hudawa a jikin majinyaci, maimakon doguwar tsagar da aka saba yi a ƙirji.

Binciken da aka gudanar cikin shekaru fiye da 20 da suka gabata ya nuna cewa sanya ƙarfen kan taimaki waɗanda ƙirjinsu ya ragargaje har numfashi ya gagare su.

Sai dai kuma akasarin waɗanda suka karye a haƙarƙari ba sa bukatar a yi musu tiyata ko kaɗan.

Batun ya shafi garuruwa irin su Jahun, da ke arewa maso gabas da Dutse a jihar Jigawa, inda motoci da babura da amalanken shanu ke bin hanya ɗaya, musamman a ranakun kasuwa, yayin da manyan asibitocin da ake tura masu munanan raunuka suke Dutse da Birnin Kudu da Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na shekara ta 2023, mutane kimanin miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a duk shekara sakamakon haɗarin hanya, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi ƙamari kamar Afirka.

A asibitocin koyarwa na Najeriya ma, haɗarin mota da na babur ne kan gaba wajen haddasa raunin ƙirji. A karkara kuma akwai ƙarin wasu dalilan, kamar tunkuyin sa, da faɗowa daga kan bishiya ko doki, da ruftawar ginin ƙasa a lokacin damina.

Ƙashin da ba ya hutawa

Ɗan Adam na da ƙasusuwan haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. Dukkansu sun taso ne daga ƙashin baya suka kewayo gaba.

Bakwai na sama a kowane ɓangare suna haɗe da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi. Uku da ke biye da su sun rataya ne a jikin guringuntsin na samansu, biyun ƙarshe kuma ba su haɗu da komai ba ta gaba.

Aikinsu shi ne kare zuciya da huhu, da kuma buɗewa da rufewa kamar zugazugin maƙeri domin iska ta shiga ta fita.

A nan ne karayar haƙarƙari ta sha bamban da sauran karaya. Idan hannu ko ƙafa ya karye, ana iya ɗaure shi da karare ko a sa masa filasta, a hana shi motsi har ya kama.

Haƙarƙari kuwa ba shi da wannan dama. Baligi kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a cikin minti ɗaya, wato kimanin sau dubu 20 a kwana guda, kuma a kowane numfashi sai karyayyen ƙashin ya motsa.

Duk da haka, ƙashi ɗaya ko biyu da suka karye ba tare da sun goce daga mazauninsu ba kan warke da kansu cikin kimanin makonni shida.

Abin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne abin da raɗaɗi ke sa majinyaci ya yi. Saboda zafin da yake ji, sai ya riƙa jan numfashi sama-sama, ya kuma riƙa danne tari.

Idan aka ɗauki kwanaki a haka, ƙasan huhun kan lafe, kaki ya taru a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Daga nan sai nimoniya, cutar da Hausawa suka daɗe suna kira ciwon haƙarƙari.

Tsofaffi ne suka fi shiga wannan haɗari. Wani bincike da Dokta Eileen Bulger da abokan aikinta suka wallafa a shekara ta 2000, daga wani asibiti a birnin Seattle na Amurka, ya gano cewa masu shekara 65 zuwa sama sun ninka masu ƙarancin shekaru wajen mutuwa bayan irin wannan rauni.

Binciken ya ce a jikin tsoho, duk ƙarin ƙashi ɗaya da ya karye na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 19 cikin 100, haɗarin kamuwa da nimoniya kuma da kashi 27 cikin 100.

Raunin da ido ba ya gani

Sau da yawa ƙashin da ya karye alama ce kawai ta wata ɓarna da ta auku a ciki.

Tsinin ƙashin na iya huda huhu, iska ta tsiyaye ta taru tsakanin huhun da bangon ƙirji, ta matse shi har ya kasa buɗewa. Idan iskar ta ci gaba da taruwa ba ta da mafita, takan danne zuciya da manyan jijiyoyin jini, kuma hakan na iya kisa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci.

Haka kuma a ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar jini da jijiyar da ke kai saƙon ciwo. Idan ta jinin ta tsinke, jini kan kwanta a cikin ƙirji ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba.

Shi kansa huhun kan ƙuje ya kumbura saboda ƙarfin bugun, kuma wannan kumburi kan ƙaru ne a cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan haɗarin. Shi ya sa mutum kan tashi da ƙafarsa daga wurin haɗari, har ya yi magana da jama'a, amma washegari numfashi ya gagare shi.

Ƙasusuwan da ke ƙasa suna rufe da hanta a dama, saifa a hagu, da ƙoda ta baya. Karayarsu na sa likita ya binciki ciki ko jini na zuba.

Yara kuwa ƙashinsu na da laushi, yakan lanƙwashe ya dawo bai karye ba. Don haka yaron da mota ko amalanke ya buge na iya samun mummunan rauni a huhu alhali hoto bai nuna karaya ba.

Mafi munin karayar ita ce wadda ƙasusuwa uku ko fiye da ke jere suka karye, kowannensu a wuri biyu ko fiye. A irin wannan hali wani yanki na bangon ƙirjin kan rabu da sauran, ya zama abin da za a iya kira ƙirji mai lilo.

Idan majinyacin ya ja numfashi, sauran ƙirjin na buɗewa, wannan yanki kuma na lotsawa ciki. Idan ya saki numfashin sai yankin ya tasa waje. Saboda irin waɗannan majinyata ne aka fara neman hanyar ɗora haƙarƙari da ƙarfe.

Daga jakar yashi zuwa ƙarfe

Matsalar ta daɗe tana ci wa masu magani tuwo a ƙwarya. Wata tsohuwar takardar likitanci ta ƙasar Masar, da aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yi bayanin raunukan haƙarƙari.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, abin da asibitocin Turai da Amurka ke yi bai wuce naɗe ƙirji da filasta ba, ko jingina jakar yashi a wurin da ke lilo, ko kuma maƙala ƙugiya a ƙashin a rataya mata nauyi domin ta jawo shi waje.

A shekara ta 1956 wasu likitoci a birnin Chicago suka zo da wata dabara: a haɗa majinyaci da na'urar da ke hura masa iska, ta yadda iskar za ta tallafi ƙirjin daga ciki har ƙashin ya kama.

Dabarar ta ceci rayuka, amma tana bukatar mutum ya yi makonni kwance da bututu a maƙogwaro, kuma da yawa kan kamu da nimoniya a kan na'urar.

A shekara ta 1975 wani likitan Amurka mai suna Kent Trinkle ya nuna cewa kumburin huhun da ke ƙasa ya fi lilon ƙashin illa, kuma da yawa daga majinyatan za su iya tsira ba tare da na'urar ba, muddin aka kashe musu raɗaɗi aka kuma taimaka musu fitar da kaki.

A daidai waɗancan shekaru, likitan ƙashi na Faransa, Judet, ya ƙera wani ƙarfe mai haƙora da ke cafke haƙarƙari ta gefe biyu. Amma kafin a sanya shi sai an yi tsaga mai tsawon taƙi ɗaya ko fiye, an yanka manyan tsokokin baya da na gefen ƙirji.

Wannan ya sa likitoci da dama suka riƙa ganin cewa maganin na neman ya kai cutar zafi.

Yadda ake aikin a yau

Abubuwa uku ne suka sauya lamarin: hoton si-ti da ke nuna ƙasusuwan ƙirji ta kowace fuska, da ƙarfen titaniyam mara nauyi da aka lanƙwasa daidai da siffar haƙarƙari, da kuma kyamarar da ake zurawa cikin jiki.

Leƙa cikin ƙirji da madubin likita ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Sweden, Hans Christian Jacobaeus, ya fara yin haka tun a shekara ta 1910. A farkon shekarun 1990 ne aka haɗa madubin da kyamarar bidiyo, har ya zama ana yin manyan ayyuka da shi.

Kafin a shiga ɗakin tiyata, likita kan yi nazarin hoton si-ti ya zaɓi ƙasusuwan da za a ɗora. Ba dukkan waɗanda suka karye ake taɓawa ba.

Yawanci akan bar na ɗaya da na biyu da ke can sama a bayan ƙashin wuya, da na 11 da na 12 da ke ƙasa, domin ba su da wani babban tasiri a numfashi, kuma isa ga na saman na da haɗari.

Bayan an sa majinyaci barci, likitan da ke kula da barcin kan zura wani bututu mai baki biyu a maƙogwaro, wanda ke ba shi damar sauke huhun ɓangaren da za a yi wa aiki, ɗayan kuma ya ci gaba da numfashi. Wannan ne ke samar da filin da kyamara za ta gani.

Daga nan akwai hanyoyi biyu. A ta farko, akan yi 'yar gajeriyar tsaga daidai kan karayar, a raba zaren tsoka bisa tsawonsa maimakon a datse shi, a ɗaga shi sama kamar rumfa.

Ta wannan 'yar kafa ake jawo ƙashin ya koma mazauninsa, a shimfiɗa ƙarfen a bayansa, a ɗaure da ƙananan ƙusoshi masu murɗi, aƙalla uku a kowane gefen karayar. Akwai kayan aiki masu lanƙwasasshen kai da ke ba da damar isa ga ƙasusuwa da dama ta tsaga ɗaya, har da waɗanda ke ƙarƙashin allon kafaɗa.

A hanya ta biyu kuma, daga cikin ƙirjin ake yin aikin baki ɗaya. Akan huda kafofi biyu ko uku, kowacce ba ta fi faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba, a zura kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran.

Likita na kallon allon talabijin, sai ya manna ƙarfen a fuskar ƙashin ta ciki, wadda ke kallon huhu. Dokta Fredric Pieracci da abokan aikinsa a birnin Denver na Amurka sun wallafa bayanin irin wannan aiki a shekara ta 2015.

Kyamarar na da wani amfanin bayan ɗori. Da ita ake kwashe jinin da ya daskare a ƙirji, a duba ko huhu ya yage, a kuma duba tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Wasu likitocin kan yi amfani da wannan dama su daskarar da jijiyar ciwon da ke ƙarƙashin ƙashin da wani sanyi mai tsanani, abin da ke ɗauke raɗaɗi na tsawon makonni ko watanni kafin jijiyar ta farfaɗo.

A ƙarshe akan bar robar da ke tsiyayar da jini da iska na 'yan kwanaki. Ƙarfen kuwa yawanci yana zama a jiki har abada, sai dai idan ya kawo matsala.

Aikin na da nasa haɗarin. Wurin na iya ruɓa, ƙusa na iya kwancewa, ƙarfen na iya karyewa, wasu kuma kan daɗe suna jin zafi ko dindiris a wurin. Ba a kuma gaggauta yi wa wanda jininsa bai daidaita ba, ko wanda ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa.

Me bincike ya nuna?

Gwaji na farko da ya ja hankalin likitoci shi ne wanda Dokta Hideharu Tanaka ya jagoranta a Japan, aka wallafa a shekara ta 2002. An raba majinyata 37 masu ƙirji mai lilo gida biyu: an sa wa 18 ƙarfe, an bar 19 a kan na'urar numfashi.

Waɗanda aka sa wa ƙarfen sun yi kimanin kwana 11 a kan na'ura, sauran kuma kwana 18. Kashi 24 cikin 100 na rukunin farko ne suka kamu da nimoniya, a rukuni na biyu kuwa kashi 77.

Bayan wata shida, mutum 11 daga cikin 18 ɗin sun koma cikakken aiki, amma mutum ɗaya ne kawai ya koma daga cikin 19 ɗin.

A shekara ta 2005 aka wallafa wani gwajin da aka yi a Masar a kan majinyata 40, inda aka naɗe ƙirjin rabinsu da filasta, aka yi wa rabi tiyata. Waɗanda aka naɗe sun fi kamuwa da ciwon huhu, ƙirjinsu kuma ya fi warkewa a karkace.

Wani gwajin a birnin Melbourne na Ostireliya, a shekara ta 2013, a kan mutum 46, ya nuna cewa tiyatar ta rage kwanakin da majinyata ke yi a sashen kulawa ta musamman.

Bisa irin waɗannan hujjoji, hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da aikin ga masu ƙirji mai lilo tun a shekara ta 2010.

Sai dai binciken baya-bayan nan ya rage zumuɗin da ake yi. A shekara ta 2022 aka wallafa sakamakon gwaji mafi girma a lokacin, wanda ya ƙunshi majinyata 207 a asibitoci 15 na Kanada da Amurka.

Idan aka ɗauki majinyatan gaba ɗaya, babu wani bambancin a zo a gani a yawan kwanakin da suka yi ba tare da na'ura ba. Amfanin ya fi bayyana ne a wajen waɗanda dama suna kan na'urar. Mutum shida sun mutu a cikin waɗanda ba a yi wa tiyata ba, babu ko ɗaya a ɗaya rukunin.

A shekara ta 2023 kuma, wani gwaji a birnin Houston a kan mutum 84 da suka samu mummunar karaya amma ƙirjinsu ba ya lilo, ya gano cewa waɗanda aka yi wa tiyata sun fi daɗewa a asibiti, ba su kuma fi sauran samun sauƙi ba.

Akasarin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da ƙarfen da ake ɗorawa ta bayan ƙashi. Bayanan da ake da su kan aikin kyamara zalla sun fi fitowa ne daga rahotannin asibitoci ɗaiɗaiku, musamman a China da Amurka.

Inda bakin masana ya zo ɗaya shi ne batun lokaci. Ƙungiyar likitocin raunin bangon ƙirji, wadda aka kafa a shekara ta 2016, na ba da shawarar a yi aikin cikin sa'o'i 72 na farko, kafin wurin ya kumbura ya yi tauri, kafin kuma nimoniya ta shiga.

Daga Jahun zuwa Kano

Ga wanda ya yi haɗari a kan hanyar Jahun zuwa Kiyawa ko ta Gujungu, waɗannan sa'o'i 72 na fara ƙirguwa ne tun yana kwance a bakin titi.

Zangonsa na farko shi ne babban asibitin Jahun. Asibitin ya yi suna ne a fannin haihuwa, domin tun shekara ta 2008 ƙungiyar likitocin sa-kai ta Médecins Sans Frontières ke aiki a cikinsa tare da ma'aikatar lafiya ta jihar, wajen tiyatar gaggawa ga masu naƙuda, da kula da jarirai, da gyaran yoyon fitsari.

Abin da mai raunin ƙirji ke bukata a wannan mataki ba shi da tsada kamar ƙarfen titaniyam: iskar oksijin, da maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, da hoton ƙirji, da ƙarin jini idan ya zubar da yawa.

Hoton ƙirji na yau da kullum kan kasa nuna kusan rabin karayar haƙarƙari. Amma yana nuna abin da ya fi gaggawa, wato iska ko jinin da ya taru.

Maganin wannan kuwa shi ne roba da ake zurawa tsakanin haƙarƙari biyu a ƙasan hamata, a haɗa ta da kwalba mai ruwa da ake ajiyewa ƙasa da gadon majinyaci. Iska da jini na fita ta cikinta, ruwan kuma na hana iska komawa.

Tsarin horar da likitocin gaggawa na Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka na koyar da cewa, a cikin waɗanda suka samu raunin ƙirji ta hanyar bugu, ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ke bukatar babbar tiyata. Sauran wannan roba da kulawa ta gari sun ishe su.

Idan raunin ya fi ƙarfin babban asibiti, akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Gaba da nan akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka kafa a shekara ta 1959, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Likitocin tiyatar ƙirji ba su da yawa a Najeriya, kuma a irin waɗannan asibitocin koyarwa ake samunsu.

Kafin asibiti ya iya ɗorin haƙarƙari ta ƙananan kafofi, sai ya tanadi na'urar si-ti mai aiki, da kyamarar tiyata, da ƙarafan da ake shigowa da su daga waje da kuɗin ƙetare, da likitan sa barci da ya iya sauke huhu ɗaya, da sashen kulawa ta musamman, da wutar lantarkin da ba ta yankewa.

Sannan ga batun kuɗi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, duk da dokar shekara ta 2022 da ta wajabta inshorar lafiya.

Iyalin da sai sun jira ranar kasuwa sun sayar da dabba ko hatsi kafin su biya kuɗin hoto da na mota, na iya cinye kwana ukun nan kafin su isa gaban likitan da ya dace.

Dokar lafiya ta ƙasa ta shekara ta 2014 dai ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Masu ɗori da ɗaurin ƙirji

A Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, mutane da yawa kan fara kai karaya wajen masu ɗorin gargajiya, saboda suna kusa, an san su, kuma kuɗinsu bai kai na asibiti ba.

Matsalar ita ce hannu, komai ƙwarewarsa, ba ya iya gano jini ko iskar da ta taru a bayan ƙashi.

Haka kuma dabarar da ke aiki a hannu da ƙafa, wato ɗaurewa tamau, illa take yi a ƙirji. Naɗe ƙirji da rawani ko zane ko bandeji na rage zafi na ɗan lokaci, amma yana hana huhu buɗewa, yana kuma share wa nimoniya hanya.

Saboda wannan dalili ne asibitoci suka daina naɗe ƙirji da filasta, bayan sun shafe shekaru suna yi.

Ga wanda likita ya duba ya sallama gida, shawarar ita ce ya sha maganin raɗaɗin da aka rubuta masa a kan lokaci, kada ya jira sai zafin ya taso, domin da shi ne zai iya jan numfashi sosai.

Ana so a duk sa'a guda ya ja dogon numfashi kamar sau goma, ya kuma yi tari yana rungume da matashi a wurin da ya karye. Ya riƙa tashi yana ɗan tattaki, ya kwana a jingine a kwanakin farko, ya nisanci taba da hayaƙin murhu da ɗaukar kaya masu nauyi.

Bai kamata ya sha maganin hana tari ba sai da izinin likita, tun da tarin ne ke fitar da kaki. Masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda kuma su sanar da likita, domin wasu magungunan raɗaɗin na yi musu illa.

Akwai alamomin da idan aka gan su ba a jiran wayewar gari: numfashi na ƙara wuya, ko tari da jini, ko leɓe da farce su sauya launi, ko wani yanki na ƙirji na lotsawa idan an ja numfashi.

Sauran su ne zazzaɓi da kaki mai launin ɗorawa ko kore, da ciwon ciki ko na kafaɗa bayan bugu a ƙasan haƙarƙari, da jiri ko gushewar hankali, da kumburin fata da ke ƙaras-ƙaras idan an taɓa.

Tsoho, da mai asma ko tsohon tarin fuka, da duk wanda ya karya ƙashi uku ko fiye, likitoci kan so a kwantar da su a sa musu ido ko da sun ce ba sa jin komai.

Wajen ɗauko wanda ya yi haɗari kuma, ana so a kiyaye wuyansa da bayansa, kada a naɗe shi a cusa a bayan mota ko a ɗora shi a kan babur, kada kuma a ba shi abinci ko ruwa, saboda yiwuwar a yi masa tiyata.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekara ta 1988, na da lambar kiran gaggawa ta 122, baya ga lambar 112 ta ƙasa baki ɗaya.

Hukumar ta daɗe tana kira ga direbobi da su ɗaura bel, su rage gudu, su kuma daina lodin fasinja fiye da ƙima. Bel ɗin ne ke hana ƙirjin direba dukan sitiyari, wanda yana cikin sanannun musabbaban ƙirji mai lilo.